Daga Inuwar Gawo Zuwa Nahiyar Ƙanƙara: Darajar Karatu a Wajen Aji

Jawabin da wani malamin firamare, ɗan wannan reshe, ya gabatar a taron ƙara wa juna sani na malamai a Kazaure.

  



Da muka shaida wa wani abokin aikinmu cewa a jawabin yau za mu taɓo zancen nahiyar ƙanƙara da masu bincike a kanta, sai ya yi dariya, ya ce, "Malam, mu da muke fama da zafin bazara da ƙarancin alli, ina ruwanmu da ƙanƙara?" Tambayarsa tana kan hanya, kuma amsarta ce za mu yi ƙoƙarin bayarwa. Muna roƙon ku ba mu aron hankalinku, domin tafiyar tana da nisa, amma a ƙofar ajinmu za ta fara, a nan kuma za ta ƙare.

Wata rana a aji biyar, muna darasi a kan ruwa, sai muka tambayi yara manyan kogunan Nijeriya. Kafin mu rufe baki, aji ya ɗauka da murya ɗaya: Neja da Binuwai. Muka ji daɗi. Sai muka ƙara da cewa, to, ruwan dam ɗin Kazaure, wanda wasunku suke wucewa ta gefensa kullum, daga ina yake zuwa, kuma me ya sa yake ja da baya da rani? Aji ya yi tsit. Yaran da suka haddace kogunan da ba su taɓa gani ba, sun kasa cewa komai a kan ruwan da suke gani safe da yamma. Laifin ba nasu ba ne. Mu ne muka saba musu da cewa ilimi yana kan allo, abin da ke bayan taga kuwa wasa ne.

A ƙasashe da dama, fitar da ɗalibi waje domin ya koya da idonsa da hannunsa da ƙafarsa fanni ne mai zaman kansa, ana karanta shi a jami'a, ana samun digiri a kansa har na digirgir. Ɗaya daga cikin tushensa na zamani shi ne makarantar Outward Bound, wadda malamin nan Bajamushe Kurt Hahn da mai jiragen ruwa Lawrence Holt suka buɗe a gaɓar tekun Wales ta Birtaniya a 1941, domin koya wa matasa juriya da dogaro da kai ta hanyar fuskantar teku da dutse. Wannan tunani bai daɗe ba ya iso gare mu. A 1951 Alec Dickson ya buɗe sansanin Man O' War Bay a gaɓar tekun Kudancin Kamaru, wanda a lokacin ake mulkinsa tare da Nijeriya. Daga wannan sansani ne aka sami Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Shugabanci, mai makarantar hawan dutse a tsaunukan Shere kusa da Jos, kuma daga nan ne sunan 'yan Man O' War da muke gani a manyan makarantunmu da sansanonin masu yi wa ƙasa hidima ya samo asali. Ashe abin ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Kai, tun kafin Dickson, ɗan manomi a gona ya san ƙasa, ɗan makiyayi a daji ya san ciyawa, almajirin tsangaya kuma a fili ya yi karatunsa, gefen wutar kara.

Daga cikin malaman wannan fanni akwai waɗanda suka fara da jagorantar yara zuwa daji da kogi, daga bisani suka ƙara karatu, suka zama malaman jami'a a Kanada da New Zealand da Norway da wasu ƙasashe, suka mayar da hankalinsu ga ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya, inda ƙanƙara ba ta yankewa. Abin da suke bincike shi ne yawon buɗe ido a waɗannan wurare: wa yake zuwa, me yake koya, wace ɓarna yake bari, kuma idan ya koma gida, halinsa game da muhalli yana sauyawa ko kuwa hotuna kawai ya kwaso? In kun lura, wannan tambaya ta ƙarshe tambayar malamin firamare ce. Ita ce muke yi wa kanmu duk ranar da aka tashi daga makaranta: yaron nan ya koyi wani abu, ko zama kawai ya yi?

Bari mu ɗan kwatanta wurin. Nahiyar Antaktika, wadda ke ƙuryar kudu, faɗinta ya kai murabba'in kilomita miliyan 14, wato kusan ninki goma sha biyar na Nijeriya, kuma kusan dukkanta ƙanƙara ta lulluɓe ta. A can aka auna sanyi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a doron ƙasa, digiri 89.2 ƙasa da sifili, a tashar bincike ta Vostok a watan Yulin 1983. Ba ta da 'yan asali, ba ta da sarki. A ranar 1 ga Disamba 1959 ƙasashe 12, ciki har da Afirka ta Kudu, suka sa hannu a birnin Washington kan yarjejeniyar keɓe ta domin zaman lafiya da binciken kimiyya. A 1966 Lars-Eric Lindblad ya kai ayarin masu yawon buɗe ido can, kuma a kakar 2022 zuwa 2023 yawan masu ziyarar ya haura 100,000, akasarinsu ta jiragen ruwa daga garin Ushuaia na ƙasar Ajantina.

Darussa uku muka tsinto daga wannan fage, kuma kowannensu ya shafi aikinmu kai tsaye.

Darasi na farko shi ne, haɗari ba ya hana tafiya, ƙa'ida ce take tsare ta. Antaktika wuri ne mai haɗari ga baƙo. A watan Nuwamban 2007 jirgin ruwan Explorer ya ci karo da ƙanƙara ya nutse, amma aka ceto mutum 154 da ke cikinsa ba a rasa rai ko ɗaya ba. Ba a ce daga ranar an rufe nahiyar ba. Kamfanonin da ke kai mutane sun kafa ƙungiyarsu tun 1991, kuma suna aiki da dokoki bayyanannu: kada fiye da mutum 100 su sauka a wuri ɗaya a lokaci ɗaya, kowane mutum 20 su kasance da jagora ɗaya, jirgin da ya ɗauko fasinja fiye da 500 ba ya sauke kowa, a wanke takalma kafin a sauka da bayan an dawo, domin kada a kai ƙwayar cuta ko irin ciyawa, kada a matsa kusa da tsuntsayen wurin fiye da mita biyar.

Mu kuwa yaya muke yi? Za mu ba ku labarin abin da ya same mu. Shekarun baya, a wata makaranta da muka koyar, mun fita da aji guda zuwa bakin wani rafi domin mu nuna musu yadda ruwa yake cin ƙasa. Mu kaɗai ne babba a cikin yara fiye da saba'in. Wani yaro ya zame a kan dutse ya fasa gwiwa. Allah Ya taƙaita, raunin bai yi tsanani ba, amma washegari mahaifinsa ya zo da fushi, yana cewa karatu ya aiko ɗansa, ba yawo ba. Shugaban makaranta ya ba shi haƙuri, sannan ya kira mu ya ce daga yau kada wanda ya sake fita da yaro ko da bakin ƙofa. Shekara uku aka yi a wannan makaranta ba a fita ba. Da muka natsu muka yi tunani, sai muka ga mahaifin yana da gaskiya, shugaban ma yana da uzuri, mu ne muka fita ba shiri: ba mu sanar da iyaye ba, ba mu je mun duba wurin tun da fari ba, ba mu nemi mataimaki ba. Amma hukuncin da aka yanke ya faɗa kan ɗaruruwan yaran da ba su ji ba ba su gani ba. Mun tabbata da yawa daga cikinku kuna da labari irin wannan, kuma tsoron a ɗora mana laifi shi ne babban abin da ya kulle mu a cikin aji, fiye ma da rashin kuɗin mota.

Darasi na biyu shi ne, mai wuri shi ne malamin farko. A ranar 14 ga Disamba 1911 Roald Amundsen ɗan ƙasar Norway da mutanensa suka zama na farko da suka taka tsakiyar ƙuryar kudu, suka kuma dawo lafiya. Robert Scott ɗan Birtaniya ya isa wurin a ranar 17 ga Janairu 1912, amma shi da abokan tafiyarsa huɗu duk suka rasu a hanyar dawowa. Masana tarihi sun kawo dalilai da yawa, kuma daga cikin waɗanda aka fi ambata akwai wannan: shekaru kafin haka, Amundsen ya zauna da mutanen Inuwit na arewacin Kanada, ya koyi irin tufafin fatar da suke sawa da yadda suke sarrafa karnuka masu jan kaya a kan ƙanƙara. Bai raina su don ba su yi boko ba.

Mu ma muna da irin waɗannan malamai a kowane ƙauye. Tsohon manomi a Gwiwa ya san bambancin jigawa da fadama da laka da marmara, ya san abin da kowace take karɓa. Sunan jiharmu ma, wadda aka ƙirƙiro a 1991, daga sunan irin ƙasa aka samo shi, amma yara nawa ne suka san haka? Bafulatanin da ke kiwo a gindin duwatsun Roni ya san ciyawar da ke ƙara nono da wadda ke kumbura ciki. Tsohuwa a Babura za ta lissafa maka itatuwan da ta taso ta gani a bayan gari waɗanda yau sai an yi tafiya kafin a gan su. Ku ɗauki gawo kaɗai. Me ya sa yake zubar da ganye da damina, lokacin da sauran itatuwa suke tohowa, ya kuma yi kore shar da rani? Me ya sa manomi ba ya sare shi, kuma gero ya fi kyau a ƙarƙashinsa? A inuwar gawo ɗaya akwai darasin kimiyya da na noma da na Hausa da na lissafi, ga kuma dattijon da zai yi bayani ba tare da an biya shi ko kwabo ba. Ranar da uba ya ga an gayyato shi ya koyar, ranar zai daina kiran fitar yara yawo.

Darasi na uku shi ne, abin da aka rubuta shi ne yake zama ilimi. Masu binciken ƙanƙara suna haƙa rami mai zurfin kilomita uku ko fiye, su zaro dogayen sandunan ƙanƙara. A cikinsu akwai ƙura da ƙananan kumfar iska da suka maƙale tun zamanin da, kuma da su aka karanta yanayin duniya na shekaru 800,000 da suka wuce. A nan ne amsar abokinmu mai dariya take. A 2017 wasu masana, akasarinsu daga Faransa, sun wallafa binciken da ya nuna cewa idan ƙanƙarar tsibirin Girinlan ta narke da sauri, ruwan da za ta zuba a tekun Atlantika yana iya raunana iskar da ke kawo mana damina, har ƙasar da ake noma gero da dawa a yankin Sahel ta ragu. Ashe ƙanƙarar da ba mu taɓa gani ba tana da hannu a rumbunmu. Haka kuma, daga cikin tsuntsayen da ke cika fadamun Haɗeja da Nguru da hunturu, har da dausayin Baturiya a nan jiharmu, akwai waɗanda suke ƙyanƙyasa a arewacin Turai da Sibiriya, su keto hamada su zo mana.

To, mu wane tarihi muke ajiyewa? Kakanninmu sun ba da labarin yunwar Kakalaba, iyayenmu sun ga farin 1973 da na 1984, mu kuma mun ga ambaliyar 2022 da ta ci gonaki da gidaje a sassa da yawa na jihar nan. Duk da haka, in aka tambaye mu ranar da ruwan shuka ya sauka a ƙauyen da muke koyarwa shekara biyar da suka wuce, sai mu kama gardama. Bayan abin da ya same mu a bakin rafi, mun fara wani ɗan ƙaramin aiki wanda ba ya bukatar fita daga harabar makaranta. Mun yanke gorar roba, muka daidaita gindinta, muka liƙa mata rula, muka kafa ta a fili nesa da itace da rufin kwano. Duk safiyar da aka yi ruwa, yara biyu su auna, su rubuta kwanan wata da milimita a littafi, su zubar. A shafin baya kuma suna rubuta ranar da aka fara ganin shamuwa, da ranar da hazon hunturu ya fara sauka, da ranar da gawo ya fara toho. Ma'aunin namu bai kai na hukuma daidaito ba, amma yaran da suke tsoron kashi da ɗigo a darasin lissafi sun koye su a bakin gorar nan, domin lambar tasu ce, su suka auno ta. Yarinyar da ba ta taɓa ɗaga hannu a aji ba ita ce ta zama mai riƙon littafin, har takan yi wa maza gyara.

'Yan uwa malamai, a nan ne zancen ya haɗu da makomar aikinmu. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka cewa takardar NCE ita ce farko ita ce ƙarshe, bincike kuwa na farfesoshi ne. Alhali abin da farfesan ƙanƙara yake yi bai wuce abu huɗu ba: ya yi tambaya, ya je wurin, ya auna, ya rubuta. Tsani ɗaya ne, shi yana sama, mu muna matakin farko. Ƙasarmu kuma ba ta rasa abin bincike ba. Masana ilimin duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello sun yi nazarin duwatsun nan da suka kewaye mu, har sunan Kazaure ya shiga rubuce-rubucen wannan fanni. Zane-zanen shanu da ke jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude a Birnin Kudu sun jawo masu binciken tarihi tun shekarun 1950. Jigawa tana cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 domin tare gurgusowar hamada. A dajin Amurum kusa da Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis, wadda ke horar da 'yan Afirka a matakin digiri na biyu tare da Jami'ar Jos. Ƙofofin ƙaro karatu kuma suna kusa: Jami'ar Bayero a Kano, Jami'ar Tarayya a Dutse, Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, ga kuma karatu daga gida ta Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna da Buɗaɗɗiyar Jami'a. Malamin da ya je wa malamin jami'a da littafin ruwan sama na shekara biyar daga ƙauyensa, ya je da abin da ba a samu a ɗakin karatu. In kuwa ba mu rubuta ba, wasu za su zo daga nesa su yi mako biyu, su rubuta mu yadda suka fahimta, 'ya'yanmu kuma su haddace a ba su maki.

Saboda haka muna gabatar wa wannan reshe da shawarwari guda biyar.

Na ɗaya, reshe ya zauna da hukumomin ilimi na ƙananan hukumominmu a fitar da rubutacciyar ƙa'idar fita da yara, wadda ba ta wuce shafi ɗaya ba: izinin shugaban makaranta da na iyaye; malami ya riga zuwa ya duba wurin; a sanar da mai unguwa ko dagaci; babba ɗaya ga yara ashirin, a bakin ruwa kuma ga yara goma; mace babba ta raka 'yan mata; a kira suna kafin tafiya da bayan dawowa; a tafi da ruwan sha da akwatin taimakon gaggawa; kada yaro ya shiga ruwa ko kaɗan, saboda nutsewa da kuma tsargiya. Ajin da ya yi yawa a raba shi, a nemi 'yan kwamitin makaranta su taimaka. Wurin da ake shakkar tsaronsa kuwa, ba a zuwa.

Na biyu, ƙungiya ta yi alkawarin tsaya wa duk malamin da ya bi wannan ƙa'ida sannan tsautsayi ya auku. Wannan shi ne aikin ƙungiya na asali, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda kuma ya fita ba bisa ƙa'ida ba, a gaya masa gaskiya tun a gida.

Na uku, a fara da kusa. Fita ɗaya a kowane zangon karatu, a ƙafa, zuwa gona ko maƙera ko kasuwa ko kwazazzabon bayan gari, ta fi alkawarin Yankari da ba a cikawa.

Na huɗu, makarantu goma daga Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura su kafa ma'aunin ruwan sama kafin damina mai zuwa, su riƙa aiko da lissafinsu, wannan mujalla tamu kuma ta riƙa buga shi a ƙarshen kowace kaka, da sunan makaranta da na ajin da ya auna.

Na biyar, shugabanninmu su ci gaba da matsa lamba a kan hutun ƙaro karatu da albashi, musamman ga malaman ƙauye da malamai mata, domin su ne suka fi kusa da fagen binciken, su ne kuma aka fi mantawa.

Iyayenmu da 'yan uwa, Littafi Mai Tsarki ya yi ta kiranmu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba, mu yi tunani a kan halitta. Hausawa kuma suka ce gani ya kori ji. Wataƙila a cikin yaran da ke zaune a kan tabarma a ajinka akwai wanda wata rana zai taka nahiyar ƙanƙara da sunan binciken Nijeriya. Ko da babu, dukkansu za su gaji gonakin nan da duwatsun nan da dam ɗin nan, kuma za su gaje su a zamanin da damina take sauya hali. Haƙƙinsu ne a kanmu mu koya musu kallon ƙasarsu da idon mai ilimi tun suna ƙanana, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ga abokinmu mai dariya kuma, muna gayyatarsa ya zo ranar da za mu kafa gorar bana, ya riƙe mana rula.

 Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mana yaran da aka ba mu amana, Ya sa albarka a allinmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.